Kofur da Gonar Baba Dodo

Ina da wata 'yar ɗabi'a da matata ta gaji da yi mini wa'azi a kanta: ba na iya ganin wayar wani ta yi haske a gabana ban leƙa ba. Sai Allah ya haɗa ni da sana'ar cajin waya a bakin kasuwar Zuru, ya kuma haɗa ni da ɗan ƙanwata Sila, wanda kullum wayarsa a buɗe take a kan teburina. Don haka in kun ga na kawo saƙonni kalma da kalma, kada ku ce hikimar marubuci ce.

Sila a barikin soja ya tashi, can Kaduna. Ƙanwata ta bi mijinta coci, ni ina masallaci, kuma a gidanmu wannan bai taɓa raba kwanon tuwo ba. Da ya dawo gida na ba shi lungu a shagon, yana gyaran rediyo da inbata da amfilifayar coci. In aiki ya lafa sai ya jawo wani akwatin katako da ya ƙera da kansa, mai jerin mamurɗai da 'yan fitilu masu bin juna. Sikwensa yake kiransa. Na tambaye shi amfaninsa, ya ce shi ke gaya wa abin kiɗa abin da zai faɗa. Na ce to ina abin kiɗan? Ya ce bai samu ba tukuna.

Abin kiɗan a kan kabu-kabu ya iso, wata rana cikin zafin bazara, naɗe da zanen zumuntar mata, a cinyar wata yarinya doguwa mai tabarau.

"Sannu da aiki, Baba. Nan ne wurin mai gyaran amfilifaya?"

Na nuna mata lungu da haɓa. Sila ya ɗago kai da ƙarfen soda a hannu, ya kuwa manta da shi har sai da na jiyo ƙaurin roba.

Ta ce sunanta Gladys, daga Rikoto. Ta kwance zanen. Wata baƙar na'ura ce mai gajeren jerin maɓallai irin na piyano, rabinsu sun lotsa kamar haƙoran tsoho, gabanta duk ramuka da mamurɗai.

"Na babana ne," in ji ta. "Ya sayo shi lokacin da aka tura su aikin zaman lafiya Labanon, yana kofur. Shi ya sa Kofur muke kiran abin kiɗan har yau. Ɓeraye da danshi sun cinye ƙarƙashin maɓallan. Tun ina firamare bai ƙara magana ba."

Sila ya shafa na'urar kamar mai taɓa jariri. "Sintasaiza ce, ta asali. Yatsunsa ne suka mutu, amma ƙila maƙogwaron na nan."

Ya jona shi da wuta, ya soka kebul biyu a ramukan gaban, ɗaya daga batir. Sai Kofur ya saki wani dogon kuka mai kauri, irin na saniyar da aka raba da ɗanta. Yarinyar ta toshe baki da hannu, idanunta suka kawo ruwa.

"Kin ga ba dole sai da yatsa ba," in ji Sila. "Yatsa abu biyu yake gaya masa: ga muryar da nake so, ga lokacin buɗe baki. Akwatina zai iya faɗar duka biyun da wuta. Kebul na farko na murya ne, wuta kaɗan murya ta yi ƙasa, wuta da yawa ta yi sama. Na biyu kuma ƙofa ce, buɗe, rufe. Ita wutar ana auna ta da wani abu da ake kira bolt, wato..."

"Na san bolt. Shi nake koya wa 'yan sakandare kowace safiya."

"Ki gafarce ni, Malama."

"Na gafarta, Mai soda. Amma rigarka na ci da wuta."

Ba ta daɗe ba, don satar fito da Kofur ta yi, dole ta mayar kafin ubanta ya dawo daga taron 'yan fansho. Murya ɗaya tak Sila ya ji daga bakin na'urar, kuma murna ba ta bar shi ya tambayi kansa dalilin da ya sa Kofur ya yi kuka tun bai ce ya buɗe baki ba.

Kafin la'asar wayarsa ta yi haske.

"Na isa lafiya, Baba bai gane ba. Ka sa man kaɗanya a yatsan da ka ƙona. Malamarka."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya tura:

"Yatsan ya daina zafi tun da saƙonki ya shigo. Malamata, ina da tambayoyi da yawa a kan bolt. Yaushe za a ba ni darasi?"

Aka fara darasi. Tana tasowa daga makaranta sai ta biyo ta shagon da sunan cajin waya, wayar kuwa cike take fal, ni shaida ne. Ta kawo masa gyaɗa, ya ajiye mata ruwan sanyi. Yana soda tana riƙe masa abin da yake gyarawa, kansu a haɗe, suna raɗa kamar masu ƙulla juyin mulki.

"Mai sodana, mi kake kallo?"

"Ina duba ko tabaraunki ya karkace."

"Ya karkace?"

"Ban gama dubawa ba."

Ni dai ina can ina lissafin cajoji, kunnena bai ji komai ba.

Da abin ya yi nisa Sila ya sa farar riga ya je gaida uban, Sajan Gabriel mai ritaya, wanda duk Rikoto ke kira Saja. Saja ya karɓi hannunsa, ya ƙi saki, ya juya tafin yana dubawa kamar mai sayen akuya.

"Wannan hannun ya taɓa riƙe garma?"

"A makaranta, Baba."

"Mi kake yi?"

"Gyaran kayan wuta. Ina kuma ƙera akwatin da ke sa abin kiɗa ya yi waƙa da kansa."

"Da kansa," in ji Saja. "Kai kuma hannu a aljihu."

A ƙasar nan, mutum irin Saja da golmo ya yi aure. Saurayi ya tara sa'o'insa, su duƙa a gonar uban yarinya damina bayan damina, kafin a ce masa ga matarka. Yanzu abin ya ragu ƙwarai, amma bai ragu a kan Saja ba. Ga shi kuma yana da nasa zaɓin: Dominic, ɗan amininsa, soja, mai ƙirji kamar ƙofar gareji, wanda ya zo hutu a lokacin. Yaron kirki ne, wannan shi ne abin haushin.

Gladys da uwarta, Mama Rebecca, suka ƙulla dabara. Akwai waƙar da Saja da abokansa suke yi a gona lokacin golmonsu, har yanzu yana gunguninta in yana wasa garma. In Kofur ya farka ya rera masa ita, ai zuciyar tsoho ta yi laushi. Gladys mai murya ce a kwayar coci, sai ta rubuta waƙar da do-re-mi daga gungunin uban. Sila ya zauna da mitar awon wuta ya saita kowane mamurɗi, ɗaya ga kowace murya, a kan ƙa'idar da ya sani: duk bolt ɗaya da ka ƙara, an hau daga do zuwa do na sama. Bai samu gwadawa ba, don Kofur ba ya fita.

Ranar Litinin ɗin Ista Saja yakan tara abokan golmonsa a gindin mangwaro. Na je a matsayin kawu, Dominic ma yana nan yana zuba wa tsofaffi kunu. Gladys ta fito da Kofur ta ɗora a tebur. Saja ya ɗaure fuska. Sila ya soka kebul biyun nan, Kofur ya fara gurnani nan take, shi kuwa ya yi sauri ya danna akwatin, fitilu suka fara bin juna.

Ban san me zan kira abin da ya fito ba. Muryoyin ƙasa suka rufta can cikin rami, na sama suka cunkushe wuri guda kamar fasinjojin motar Kanya. Inda ya kamata a ja numfashi nan Kofur ke ihu, inda ya kamata a yi waƙa nan yake ɗauke wuta. Mafi muni, ana iya gane waƙar. Ita ce, amma kamar mashayi ke kwaikwayonta.

Wani tsoho ya ƙyalƙyale har kunu ya biyo ta hancinsa. Sila ya tsayar da akwatin. Maimakon shiru, sai Kofur ya riƙe wani dogon kuka ya ƙi saki, karnukan unguwa suka amsa masa, har sai da Dominic ya cire filogi.

Saja ya miƙe a hankali. Gladys ta sha gaban Sila ta tsaya.

"Da wannan waƙa na auro uwarki," ya ce mata, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yau kin kawo yaro ya yi mini kukan jaki da ita gaban abokaina." Ya dubi Sila ta saman kanta. "Ɗauki akwatinka. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Washegari saƙo ya shigo:

"Mai sodana, ka yi haƙuri. Baba ya kulle Kofur a ɗakinsa, bai ci abinci ba, ni ma haka. Ya ce bayan girbi za a yi maganar Dominic. Kada ka zo yanzu. Ka ci abinci kai dai."

"Zan ci in kin ci. Laifina ne, Malamata, na saita murya ban ji ta ba. Ba zan ƙara yarda da mita fiye da kunne ba."

Ya yi kwanaki kamar kazar da ruwa ya doka. Sannan ya yanke shawarar cewa tun da da kunne zai saita, to sai ya ji waƙar daga tushe. A cikin tsofaffin nan akwai Baba Dodo na ƙauyen Manga, shi ne mai ba da waƙa a zamaninsu, shi ne kuma wanda kunu ya biyo wa ta hanci. Ruwan farko na sauka Sila ya hau babur ya same shi.

"Baba, waƙar nan nake so ka rera mini daidai."

"A zaune?" in ji Dodo. "Ba ta fitowa a zaune. Garma ke ba ta lokaci. Ɗauki waccan."

Haka Sila ya shiga zuwa Manga da sassafe, ya duƙa gefen tsoho, ya sari ƙasa inda waƙa ta ce a sara, ya ja numfashi inda ta ce a ja. Ya dawo shago da rana hannu duk ƙuraje, ƙugu a sage, yana zama kamar mai jego. Bai gaya wa Gladys ba, wai so yake ya ba ta mamaki.

Ya kuwa ba ta. Abin da ɗan bariki bai lura da shi ba shi ne, Baba Dodo yana da ɗiya budurwa, Monica, kuma ita ke kai kunu gona. A nan, in aka ga saurayin da ba ɗan gida ba ya duƙa a gonar mai budurwa safiya bayan safiya, ba a tambayarsa dalili, don an riga an sani. Ranar kasuwa ɗaya ta isa labarin ya kai Rikoto. Sai ga saƙon Gladys:

"An ce golmo kake yi a Manga. Allah ya ba da damina mai albarka. Ka gaida Monica."

Sila ya yi dariya da ya karanta. Ni ban yi ba.

"Wane golmo, zuciyata? Waƙa nake koyo."

"A gonar mai ɗiya, da asuba, da kunu? Ni ba a bariki kaɗai na tashi ba, Sila."

Da na ga ta kira shi da sunansa na yanka, na san magana ta ɓaci. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta mata abin da ya kai huɗuba, ba ta amsa ba. A makon ne kuma Dominic, wanda ya koma bakin aiki, ya turo tarakta ta yi wa Saja huɗar gonarsa kaf cikin yini guda. Unguwa ta yi ta zancen.

Ita Gladys, in ranta ya ɓaci aiki take nema. Saja na gona, uwarta ta ba ta mabuɗin ɗaki, ta zauna gaban Kofur da baturan tocila. Abin da ta gano ta turo shi ba gaisuwa:

"Batir ɗaya, do. Batir biyu, do na sama. Na uku, na zaci wani do ne, sai ya ba ni so na do-re-mi. Sai da na sa huɗu ya kai do. Kofur ba ƙari yake so ba, ninki yake so. Ita kuma ƙofar a juye take: in ka ba shi wuta sai ya yi shiru, in ka ɗauke sai ya buɗe baki. Taransista ɗaya, irin na cikin rediyo, zai juya maka ita. Ba don kai na yi ba, don Babana na yi."

Sila ya karanta ya sake karantawa, ya kifa kai a tebur. "Kawu, ka ga irin matar da zan rasa?"

"Ban gani ba," na ce. "Ni ina ruwana da wayarka."

Ba a jima ba sai ga Baba Dodo a ƙofar shago, da kaza a hammata, ƙafafunta a ɗaure. Ya zauna, muka gaisa har kan awaki, sannan ya gyara murya.

"Malam Yusha'u, kai ne kawun yaro, shi ya sa na zo gare ka. Nomansa ba ya da kyau, amma ba ya da ƙyuya. Ni kam na so. To amma na tambayi Monica, ta ce ita tana da nata, wani malami a Kanya. Ta ce kuma wannan nishi yake yi kamar tsohuwa. Ga kaza, a ba shi haƙuri."

Sila ya ɗago daga lungu, baki a sake. Yarinyar da bai taɓa nema ba ta ƙi shi, har da kazar jaje.

"Baba, ai ni waƙa na zo koyo. Na faɗa maka."

"Kowa da abin da yake faɗa ranar farko," in ji Dodo. "Ni da na je gonar surukina cewa na yi akuyata ta ɓata. Na ɗauka Saja ya kore ka, ka sauya gona."

Da ya gane gaskiyar lamarin ya yi dariya har kazar ta tsorata. Sannan ya share ido ya ce in tashi mu je Rikoto, tun da shi ya ɓata, shi zai gyara.

Mun sami Saja a tsakar gida yana wasa garmar da tarakta ta hana ta aiki. Mama Rebecca na tsince wake. Labulen ɗakin Gladys ya motsa sau ɗaya ya tsaya. Dodo ya zayyana komai, bai rage ba, har da nishin.

Na zaci Saja zai yi laushi. Sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ina raye, ina da gona, yaro ya tafi gonar Dodo koyon waƙata? Dodo da ke cinye ƙarshen baiti?"

"Kai ka kore shi," in ji Dodo.

"Na kore shi daga gida, ban kore shi daga gona ba."

Mama Rebecca ba ta ɗago daga wakenta ba. "Baban Gladys, ka ce ba ka son mai sa ƙarfe ya yi masa aiki shi hannu a aljihu. To ɗaya ya turo maka tarakta yana zaune a bariki. Ɗaya ya farfasa hannunsa saboda waƙarka. Ni dai wake nake tsincewa."

Saja ya daɗe yana goga dutse a bakin garma. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A kawo akwatin. Amma nan, a gabana, da rana tsaka."

Kafin in koma shago saƙo ya riga ni:

"Mai sodana. Na ji komai ta bayan labule. Na ji kunya, na kuma ji haushin Monica, wa ya ce mata kana nishi kamar tsohuwa? Gobe ka zo da taransistan. Ka zo da hannuwan nan in gani."

"Zan zo, zuciyata. Amma gaskiya ta faɗa, ina yi."

Washegari aka ɗora Kofur da akwati a tebur, Saja na kujera a gefe, hannu harɗe a ƙirji. Sila ya jona taransistan da ya haɗa a cikin gwangwanin sigari tsakanin akwatin da kebul ɗin ƙofa. Ya soka. Kofur ya yi tsit, kamar sabon ɗan sanda a fareti. Gladys ta saki numfashi.

Mita tana jaka, ba a fito da ita ba. Sila ya rera murya ta farko yadda ya koya a gona, Gladys ta riƙe mamurɗi na farko tana juyawa a hankali har muryar Kofur ta hau kan tasa ta zauna. Suka wuce na biyu. Rana na dukan Kofur muryarsa na ɗan zamewa, sai Mama Rebecca ta kawo laima ta riƙe musu.

"Ƙara kaɗan, Malamata."

"Haka?"

"Kin wuce. Dawo gare ni."

"Na dawo."

Saja ya yi tari. Suka mai da hankali.

Wajen miƙa kebul ta kama tafin hannunsa ta juya, ta ga ƙurajen da suka fashe suka yi kanta. Ta riƙe shi fiye da yadda miƙa kebul ke bukata, kuma ta tabbatar ubanta ya gani.

Da aka gama, Sila ya danna. Fitilu suka fara tafiya. Waƙar ta fito a miƙe, mai kauri, ta kai ƙarshe ta kewayo kanta ta sake, kamar masu huɗa sun kai bakin gona sun juyo. Mama Rebecca ta sauke laima. Saja ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin silifa.

"Ya yi sauri," ya ce daga bisani. "Wanda ya yi noma da wannan saurin ba ya kai hantsi. Aikin Dodo ne."

"Ga mamurɗin sauri nan, Baba," in ji Sila. "Ka saita da kanka."

Saja ya taso. Ya ɗauki garmarsa da hannun dama, ya duƙa, ya sari iska, ya ɗago, hannun hagu na kan mamurɗi yana rage gudun fitilu. Ya sake sara, ya sake ragewa, har waƙar ta zo daidai da bayansa na yau, ba na wancan zamani ba. Ya tsaya haka a duƙe yana saurare. Da ya miƙe bai yarda kowa ya ga fuskarsa ba.

"Ƙarshen baitin ma ba haka yake ba," ya ce yana kallon mangwaro. "Gobe da asuba ka same ni a gona. Tarakta ta yi huɗa, amma ba ta cire ciyawa. Ka zo da hauyarka, ba na ba da aro."

Gladys ta ruga ɗaki. Sila ya tsaya yana kallona, bai gane ba, sai da na taka masa ƙafa ya durƙusa ya yi godiya.

Ya yi daminar nan kaf a gonar Saja. Dominic ya zo hutu cikin Agusta, ya ji yadda aka yi, ya biyo ta shago ya miƙa wa Sila hannu.

"Tun ranar da ta sha gabanka na san inda aka dosa," ya ce. "Amma kana riƙe hauya kamar cokali. Gobe zan zo in nuna maka."

Ya kuwa zo, da abokansa, suka yi masa yini guda.

Bayan an kai dawa rumbu aka ɗaura aure a cocin Rikoto. Gladys ta cire tabarau don hoto, ta mayar don ta ga angonta. Kofur da akwati suna gefen bagade, kebul biyu a tsakaninsu, su suka raka ango da amarya har ƙofa. Fasto ya sa albarka, Saja ya ɗora musu hannu ya ce Allah ya ba su gida mai sanyi da 'ya'ya masu riƙe garma. Da aka zo kaina na ce Allah ya haɗa kansu, ya sa in ɗaya ya yi sama ɗaya ya jira shi, ya raba su da masu kai labari ranar kasuwa. Coci da 'yan masallacinmu da ke tsaye a waje suka amsa da amin tare.

A wurin cin abinci Kofur na ta kewaya waƙar, Saja na share ido da hularsa, sai na lura Mama Rebecca da tsofaffin mata suna danne dariya da bakin gyale. Waƙar da C'lela take, yaren ƙasar nan. Ni C'lelata ta ciniki ce, ta Sila da Gladys kuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Na matsa na tambaye ta me baitocin ke cewa.

Waƙar zagin suruki ce: mai rowa, kununsa tsararo, gonarsa duk duwatsu. Saja ya rera wa uban Rebecca ita, Sila kuma ya yi damina guda yana rera wa Saja, da ƙarfi, Saja na gyara masa lafazi.